Fiton Kunnen Zalika

Balki mai dambun zogale a Harobanda mace ce da ba ta yarda da kowa ba. Ko gishiri ta aika a sayo mata, sai ta lasa. Mutuniyar Tawa ce, aure ya kawo ta Yamai, mijin ya rasu ya bar ta da tukunyar dambu da jika ɗaya, Zalika, wadda zazzaɓi ya taɓa wa ji tun tana goye.

Da yarinyar ta shekara uku aka sa mata na'urar ji, wadda ƴan unguwa ke kira aparai, da ƴar roba da aka yi daidai ramin kunnenta. Nan da nan bakinta ya buɗe, Balki har da kukan murna.

Ana nan sai abin ya fara fito, siriri, ba dare ba rana. Balki kuwa ta tashi a gidan da ake cewa fito kiran aljanu ne. Ta zauna ta yi tunanin wa ke taɓa aparan in ba ita ba. Haoua ce, maƙwabciyarta mai kitso, wadda ke cire shi duk ranar da za ta yi wa Zalika kitso, kyauta ma. Wannan kyautar ce ta fi tsaya wa Balki a rai, don a ganinta ruwa ba ya tsami banza.

Ta ɓoye aparan cikin kwalla, ta hana yarinyar shiga gidan Haoua, kuma ta faɗa wa masu sayen dambu dalili. Kafin damina ta wuce Zalika ta daina magana, ta koma nuni da hannu. Tsoro ya kama Balki, ta haye gada da ita zuwa gidan likita.

Lokotoro ya gwada robar, ta faɗo.

"Inna, kunnen ne ya girma, robar ta yi masa kaɗan. Sauti ke zurarewa ta gefe, shi ne fiton. Yaro ana sake masa ita a kai a kai."

"Ba hannun mutum?" in ji Balki.

"Babu."

Ta so ta zarge shi shi ma, ta rasa ta inda za ta kama.

Ranar da aka sa sabuwar roba fito ya ɗauke, Zalika ta waiwayo da aka kira sunanta. Da la'asar Balki ta ja ta zuwa ƙofar Haoua, kunya kamar ta nutse. Haoua ta amsa sallama, ta dubi kan yarinyar da ya cukurkuɗe, ta shimfiɗa tabarma.

"Yaya Balki, cire mata abin da hannunki, ki riƙe," ta ce. "Ni gashi kawai zan taɓa."