Bakancen Kawu Tongbai

A bakin kakarta Lamyai ta fara jin sunan Tongbai, kuma cikin faɗa ta ji shi. Tsohuwa na dakan ɗanyar gwanda da barkono tana cewa, "Tongbai ko? Wannan da zai yi wa iskoki alkawarin giwa alhali ko kaza ba shi da ita." Sai da Lamyai ta gama sakandare, aka tura ta birnin Khon Kaen ta zauna a wurinsa, sannan ta ga mai sunan. Wan mahaifiyarta ne, gajere mai tumbi, gwiwarsa ta hagu na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Aikinsa wanke kwalabe da ciyar da ƙwayoyin halitta a wani ɗakin bincike. Ƙwayoyin nan jarirai ne, ba su riga sun zaɓi zama jini ko ƙashi ko fata ba. A cikinsu akwai wani sinadari da ke hana su girma, ana ce masa Nanog. Idan ana so a san yana nan, sai a ɗiga musu ruwan garkuwar jiki da aka samo daga jinin zomo. Ruwan ya bi sinadarin ya manne masa, a leƙa madubin ƙara girman abu a ga kore shar. Kawu kuwa 'ya'yansa yake kiran su, har gaishe su yake da safe.

Ana nan sai koren ya ɗauke. Dakta Wipha, mai ɗakin, ta ɗiga ta sake ɗigawa, baƙi ƙirin. Ta ce in haka ta ci gaba, sai dai a zubar da ƙwayoyin a rufe aikin. Kawu bai yi shawara da kowa ba, ya nufi ƙaramin gidan iskoki da ke ƙarƙashin bishiya a harabar wurin aikin, ya ajiye jan lemo da turaren tsinke, ya yi bakance. Kowa in zai yi irin wannan, dafaffen ƙwai yake alkawarta, ko ya ce zai ɗauko 'yan rawa. Shi kuwa da zuciya ta ɗebe shi, cewa ya yi in koren ya dawo zai taka rawar da ƙafarsa, cikin zani da hular zinariya.

Sabuwar kwalbar ruwan zomo ta iso, aka ɗiga, kore ya dawo.

"Kawu, tsohon ruwan ne ya lalace," in ji Dakta Wipha. "Ba ruwan iskoki."

"To wa ya hanzarta mai babur ɗin da ya kawo sabon, Dakta?"

Ya koma gida ya kasa cin shinkafa. In ya ƙi rawa, iskoki su karɓe korensu, a zubar masa da 'ya'ya. In ya yi, masu shara da direbobi sun riga sun fara zaɓar wurin zama.

Lamyai ta ce, "Kawu, a ɗauko 'yan rawa mana."

"'Yar nan, iskokin can sun san fuskata. Kullum ta gabansu nake wucewa."

Ta aro masa zani a wurin maƙwabciya, ta koya masa lanƙwasa yatsu. Yatsun suka ƙi, gwiwa na amsa kowane taku. Ta naɗa zanin, tumbi ya ture shi. Ta sake naɗawa, ya sake sulalewa.

Ranar cika alkawari harabar ta cika maƙil, har Dakta Wipha ta fito da farar rigarta. Mai gadi ya ce, "Amarya, a taka a hankali, ƙasar ta gwamnati ce." Kawu ya yi kamar bai ji ba. Aka kunna kiɗa, ya ɗaga hannuwa sama, zani ya fara halinsa. Ya waiwayo, gumi na bin hular zinariya, ya yi ƙasa da murya.

"Lamyai, zo ki tsaya a bayana ki riƙe mini zanin nan. Duk inda na juya ki juya, kada ki saki sai kiɗa ya tsaya."