Dattijon da Ke Yi wa Kango Sallama

Mai hoto ya daɗe yana neman abinci a ƙofar wannan tsohon gidan tarihi, amma bai taɓa ganin baƙo irin dattijon nan ba. Gajere ne, rigarsa ta sha guga, ga lema a hammata alhali ko alamar hadari babu. A kafaɗarsa kuma wata jar jakar mata ce take lilo, ba ta dace da shi ba ko kaɗan.

Jama'a na ta kutsawa cikin kangon, kowa waya a sama. Shi kuwa ya ja ya tsaya a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya rafka sallama, har yana kasa kunne.

"Baba, ai masu gidan sun daɗe da ƙaura," in ji mai gadi yana dariya.

"To, sai in faɗa musu gida kamar akuya?"

Mai hoto ya ce a ransa, wannan ladabi ba banza ba, akwai wadda ta shekara da shekaru tana ja masa kunne.

Can dattijon ya fito, ya yafito shi. Ya tsaya jikin bango, ya gyara zaman hula, ya raɓe can gefe guda.

"Baba, matso tsakiya mana, rabin hoton duk bango ne."

Dattijon ya ɗora jakar a kan dutsen da ke kusa da shi, ya daidaita mata zama.

"Ɗauka haka, ɗana. Ita ta yi ta nacin mu zo, ni kuma kullum sai in ce sai baɗi."