Mutumin da Ke Hamdala In An Ɗauke Wuta

Firij ɗinmu yana da wani ɗan tari da yake yi idan an ɗauke wuta. Sai ya girgiza, kwalaben ciki su yi ƙaras-ƙaras, sannan ya yi shiru. A kowane gida a Suleja, abin da ke biyo bayan wannan sautin tsaki ne. A gidanmu kuwa sai ka ji murya daga ɗakin zaure ta ce, "Alhamdulillahi."

Kawu Saje ke nan, yayan mahaifiyata, wanda ku 'yan unguwar Wambai kuka fi sani da Baba Daƙiƙa. Ranar da muka tare a gidansa, bayan aiki ya dawo da maigidana Abuja daga Zariya, na ji wannan hamdalar na ɗauka tsabar tawakkali ne. Har na ce a raina, Allah Ka ba mu irin haƙurin Kawu. Ashe murna yake yi.

Kawu tsohon soja ne na sashen sadarwa, da igiya uku ya yi ritaya. A ɗakinsa akwai wani akwati da ya harhaɗa da hannunsa daga tarkacen rediyoyi, yana aiki da batirin mota. Wata doguwar waya ta fito daga akwatin ta taga, ta ratsa tsakar gida, ta ƙare a kan mangwaron bayan gida. Da wannan akwatin, in ji shi, yake kamo wata tashar sojojin ruwa da ke can wata ƙasa mai sanyi. Tashar ba ta waƙa, ba ta labarai, ba ta gaishe-gaishe. Da ita ake magana da jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, kuma wajen tsakar rana takan aiko da alamar lokaci. Da alamar yake saita agogon bangonsa, irin wanda ake ɗaure wa wani da mabuɗi. Matsalar ita ce ƙugin wutar lantarki yana danne ta. Shi ya sa ɗauke wuta ya zama masa kamar ranar Sallah.

Maigidana ya taɓa ce masa, "Kawu, wannan gajeren zango ne irin wanda muke jin labarai da shi?"

"Gajeren zango na yara ne. Wannan ko dogon zango gaishe shi yake yi. Takunsa uku daga nan ya wuce garin Lambata. Shi ya sa yake ratsa ruwan teku ya sami soja a ƙasa."

"Da zai riƙa rage min hanya zuwa Abuja da safe, da na gode."

"Ba ya ɗaukar wanda ya makara," in ji Kawu.

Sai dai akwai abu ɗaya da ke ci masa rai, ko da yake bai taɓa faɗa ba: duk duniya ba wanda ya taɓa jin tashar nan sai shi. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ɗora masa abin sauraro a kunne. Limaminmu ya saurara, ya ce Allah Shi ne masani. Mai gyaran famfo ya ce kamar ana ruwa a kan kwano. A shagon mai shayi kuwa an daɗe da yanke hukunci: tashar a cikin kan Baba take. Ni ya fi matsa wa, don kullum ina gida. Kurtu yake ce min.

"Kurtu, me kika ji?"

"Kawu, suya nake ji."

"Suyar me?"

"Kamar ƙosai."

Sai ya karɓi abinsa ya goge da gefen riga. "Kunnen ɗakin girki gare ki. Zai gyaru."

Maigidana ya sha ce min, "Ki ce kin ji mana, tsohon nan ya huta." Ni ma na so hakan. Amma in na kalli yadda yake zuba min ido yana jira, sai in ga ba zan iya yi masa ƙarya ba. Mutum ne da aka sha yi wa dariya, bai kamata ni in ƙara masa da yaudara ba.

Kuna tuna rigimarsa da Maman Ifeanyi, wadda ke haya a ɗakin kusa da rijiya, mai injin markaɗe? Satin da ta tare, ta fito da wanki ta ga waya miƙe a tsakar gida, ba ta tambayi kowa ba ta jera zannuwanta. Kawu ya fito. Bai yi faɗa ba. Ƙamewa ya yi kamar a fareti ya ce, "Madam, kin shanya zani a kan Turai."

Ta ce, "Baba, waya na waya nau. Wanne ne Turai kuma?"

"Wannan eriya ce."

"Eriya ba ta son wanki?"

Kawu ya juya. Ya zauna a zaure ya warware tsofaffin buhunan shinkafa, ya tuƙa mata igiya da hannunsa, ya ɗaura mata a wancan gefen. Har yau da ita muke shanya. Amma yaƙin bai ƙare nan ba, domin da an ɗauke wuta, shi yana hamdala ita tana jan janareto, kuma janareto ya fi wutar gwamnati ɓata masa sauraro. Kullum sai ya leƙa ya ce, "Madam, a tsagaita wuta." Ita kuma ta ce, "Baba, tattasan mutane fa? Sojojinka za su ba su miya?" Sai ya juyo yana ƙunƙuni, da yamma kuma in gan su zaune tana ɓare masa gyaɗa.

Sai maganar ɗaurin auren Lambata. Ɗan abokinsa ne zai yi aure, aka ce ƙarfe goma. Kawu ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya hau mota. Goma daidai yana ƙofar masallacin. Ba kowa sai wani mai shara da awaki. Ya zauna ya ɗan jira, ya ɗaga hannu ya yi wa ma'auratan addu'a shi kaɗai, ya shafa, ya tare motar dawowa. A hanya ya yi kiciɓis da jerin motocin ango suna tafiya, har ya ɗaga musu hannu. Da abokin ya zo ƙorafi washegari, Kawu ya ce, "Ni na halarta. Ku ne ba ku halarta ba."

"To goron fa? Ko shi ba ka jira ba."

"Aiko min. Shi ba ya makara, ya riga ya saba da ku."

Mutum ɗaya ne bai taɓa gyara wa lokaci ba, wato ladan. Da azumi yara kan zo su ce, "Baba Daƙiƙa, agogonka ya ce a sha ruwa?" Sai ya ce su jira kiran salla. "Magariba da rana take tafiya, rana kuwa ba a ƙarƙashin sojoji take ba."

Daga baya kunnensa ya fara nauyi. Da farko ya ce batiri ne, sannan ya ce tsatsa ce a waya, sannan ya ce ƙila an yi wa ma'aikatan tashar canjin wurin aiki. Mu dai mun lura sai an ɗaga murya yake amsa sallama. Agogon bango ya fara gudu, ba abin saita shi. Wata rana firij ya yi tarinsa, na tsaya da ludayi a hannu ina jiran hamdala, ban ji ba. Na leƙa na same shi zaune gaban akwatin, abin sauraron a cinyarsa.

"Kurtu," ya ce, "ko dai 'yan shayi ne ke da gaskiya?"

Wannan maganar ta hana ni sukuni. Na je na sami Maman Ifeanyi na faɗa mata yadda ake ciki. Ta ce, "Gobe in sun ɗauke, ba zan kunna janareto ba. Bari in gaya wa mai aski da mai cajin waya. Wanda ya kunna, ni da shi."

Washegari, kamar an roƙa, aka ɗauke wuta tun da hantsi, garin kuma ya yi wasai, ba hadari ba tsawa. Layinmu ya yi tsit yadda ban taɓa ji ba, har kukan kurciya ake ji daga mangwaro. Mata suka jeru da robobin tattasai a ƙofar Maman Ifeanyi, ita kuma ta harɗe hannu ta ce inji yana hutawa. Na shiga ɗakin Kawu na ce, "A ba ni abin nan in sake gwadawa."

Ya dube ni, ya dubi agogo, ya ɗora min. Ya riƙa murɗa wani ɗan maɓalli a hankali. Suyar tana nan, amma yau kamar an rage wuta a murhu. Na rufe ido ina salati a zuci. Can ƙarƙashin suyar sai na ji wani siririn sauti, kamar sauro a ɗaki na uku. Na ɗauka kunnena ne. Sai ya katse, ya dawo, ya katse, ya dawo, a jere, ba ya gaggawa ba ya jinkiri.

Na ce, "Kawu, akwai wani abu."

"Ƙosai?"

"A'a. Yana yi yana tsayawa." Na fara buga yatsa a kan tebur tare da shi.

Ya zuba wa yatsana ido. Sannan ya dubi tsinken agogonsa, ya sake duban yatsan. Ya ce, "In kin ji ya canza, ɗaga hannu." Da ya canza na ɗaga, shi kuma ya tura dogon tsinken ya zaunar da shi. Ya ja da baya, ya ƙame, ya sara min.

"Daga yau ke kofur ce."

Maman Ifeanyi tana bakin taga. Ta duba wayarta ta ce, "Baba, daidai da wayata fa. Tun da can da ka tambaye ni."

Kawu ya leƙa wayar, ya gyaɗa kai. "Ta yi ƙoƙari. Ki riƙa kawo ta ina duba miki ita."

Da la'asar ya sa hula ya tafi shagon mai shayi, shi da ba ya shan shayin waje. An ce bai zauna ba. Cewa kawai ya yi, "Kofur Rabi ta ji, kuma kun san ba ta ƙarya," ya juyo abinsa.

Daga nan, in an dace da shiru, ni ce kunnensa. Ba kullum nake ji ba, kuma ranar da ban ji ba nakan ce ban ji ba, ya ce, "Haka aikin yake, Kofur." A haka muka yi har damina ta wuce. Ya rasu ranar wata Juma'a da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Liman ya sa lokacin jana'iza, kuma abin da ban taɓa gani ba a Suleja, kafin lokacin ya cika layin ya cika. Mai shayi ma ya rufe shago. Na ji wani yana cewa, "Yau dai kada mu bari ya ce ba mu halarta ba."

Allah Ya jiƙan Kawu Saje, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda bai taɓa barin salla ta jira shi ba, Allah kada Ka bar shi yana jiran rahamarKa.

Wayar tana nan, ba wanda ya taɓa shanya ko hankici a kanta. Shekaranjiya ina tsince shinkafa, firij ya girgiza, kwalabe suka yi ƙaras-ƙaras, gida ya yi shiru. Tsaki ya zo min har baki. Sai ƙaramar 'yata Nana, wadda Kawu ke kira uwargida, ta ɗago daga wasanta ta dubi ɗakin zaure, sannan ta dube ni.

"Umma, ki ce Alhamdulillahi mana. Kaka ba ya nan da zai ce."