Ranar da Baffa Ya Kai wa Inna Ɗan Wani

Ƙanen ubana ya dube ni ido cikin ido ya ce bai san ni ba, ya ja hannun ɗan wasu ya kai wa uwata. Yau ga furfura a kaina, amma in na ji warin madarar gari sai raina ya ɓaci.

Shekarar farin nan ce da gero bai fid da kai ba. Muka bar Kusada za mu kudu neman abinci, na tsaya kallon mai wasa da biri a wata tasha, na waiga babu kowa. Ma'aikatan agaji suka tsince ni, Allah ya saka musu. Suka yi ta cigiya a rediyo, daga baya suka kawo mu, yaran wannan yanki, wata firamare a Kankiya. Lokacin Baba yana kudu, Inna ta komo gida da tsohon ciki, sai aka turo Baffa.

Aka jera mu a rana. Na rame kamar kara, kai ya rinjayi jiki. Kusa da ni wani ƙato ne da ke shanye mana madara. Baffa ya dube ni, ya dubi damtsen ƙaton. Damina ta kusa, ga gonar gyaɗa ba mai noma.

Na ce, "Baffa, ni ne!"

Ya ce, "Kai yaro, duk gari Baffa ake ce mani."

Ya dangwala yatsa a takarda suka tafi. Ƙaton ko waiwaye bai yi ba, ya ji an ce gidan da akuya.

Inna na ganinsa ta fasa kuka. Baffa ya ce madarar Turawa ce ta kumbura ni, kuma shi ya riga ya dangwala, takardar hukuma ba ta ƙarya.

Sati uku ina kwana kan benci, sannan Kaka ta iso bisa jaki. Idonta ya yi rauni, don haka ta bi layi tana shafa kumatu. Wanzamin gidanmu hannunsa na rawa, tsagarmu ta hagu duk a karkace take. Yatsanta na sauka kan tawa ta ja mini kunne.

"Ga mijina nan. Ja'iri, wa ya aike ka kallon biri?"

Ƙaton ba a taɓa samun iyayensa ba. Ya zauna, ya auri ɗiyar Baffa, gonar gyaɗar ma yanzu tasa ce. Ni makarantar ma aji huɗu na tsaya.

Bara Baffa ya makance. Na shiga gaishe shi, ya ce wane ne. Na kama yatsansa na ɗora kan tsagar.

Na ce, "Shafa da kyau, Baffa. Ni ne wanda ka bari a Kankiya. In ƙaton kake nema, yana can yana sai da gyaɗarka."