Littafin Hafsatu Ya Tsayar da Motar Tsafe

Jama'a, yau saura ƙiris mu wuni hannun 'yan sanda!

Mun shiga motar haya daga Gusau zuwa Tsafe, ni da ƙanwata Hafsatu, 'yar sakandare mai son littattafan ban tsoro. Tana ba ƙawarta labarin littafinta a waya, sai ta ce, "Ya yanka mutum uku, saura direba."

Mota ta yi tsit. Muna kaiwa shingen bincike direbanmu ya taka birki, ya fita da gudu.

Aka zazzage jakarta, littafi kawai aka samu. Ɗan sanda ya duba bangon, ya ce, "To direban ya tsira?"

Ta ce, "Ban kai can ba, Yallaɓai."

Direbanmu ya ce, "Karanta mu ji. Ba ni tada mota sai na san makomarshi."