Bitas Ta Ƙarshe A Motar Alhaji Kyari

Shin bitas ɗin nan ta ƙarshe, wato giyar mota, ta shiga, ko ba ta shiga ba? Na tsufa da wannan tambaya, kuma mai amsar yana ƙasa. Rubuta yadda na faɗa, ɗana, ka karanta wa masu gyaran mota na yanzu. In ka ga ina share ido, ci gaba da aikinka.

Ranar ba ta taɓa fita raina ba. Shekara biyu ce bayan babban fari, lokacin da sabuwar kwalta ta iso Gure. Maigidana shi ne mai garajin bakin hanya, kowa Shef yake ce masa. Ni kuwa aikina wanke ƙarafa. In ya kwance inji, sai in wanke kowane ƙarfe da gazuwal, wato man dizal, a cikin daro, in jera su bisa tabarma yadda suka fito, don su koma yadda suke. Shi ya sa yake kirana Uwar Garaji.

Alhaji Kyari, mai fataucin kanwa da dabino, ya sayi wata tsohuwar mota hannun Nasaran da suka zo rabon abinci. Ta ci ƙasa har abin ƙidayar tafiyarta ya gaji ya tsaya. Ita da kanta take canza bitas, ba a taka mata komai da ƙafar hagu, kuma ƙafar hagun Alhaji ta shanye. Don haka duk Gure ba motar da zai iya tuƙawa sai ita.

Ciwonta ɗaya. Tana da bitas ta can sama, wadda ke shiga in mota ta miƙe da gudu, inji ya sauke murya ya huta. Wannan ce ta ƙi. Sai kuka da shan mai.

"Shef," in ji Alhaji, "in ta fi ƙarfinka, faɗa mini, in sa a ja ta zuwa Damagaram. Ba abin kunya ba ne."

Abin kunya ne. Ba a taɓa jan mota daga ƙofarmu zuwa wani gari ba.

Shef ya bi aikin daki-daki. Ya fara da man akwatin bitas, wanda ya kamata ya zama ja, ya tarar ya yi baƙi yana warin ƙonannen tuwo. Ya aika aka samo sabo. Ya ciro rariyar man, na wanke, rairayin da ya fito ya isa a shuka gyaɗa. Ya daidaita wayar da ke gaya wa akwatin yadda ake taka mota. Bayan kowane gyara sai ya fita gwaji, ya dawo fuska a murtuke.

Wata safiya ya ce in shiga in taya shi saurare, don ƙarar guduma ta cinye masa rabin jin kunne. Muka hau kwalta. Mota ta fara miƙewa, sai ga liman a kan jaki. Shef ya sassauta. "Allah gafarta Malam, an tashi lafiya?" Muka sake ɗauka, sai ga matan garin Alakos da ƙoren nono. Ya sassauta, ya tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya. Gaba kaɗan, wani tsoho da ko saninsa bai yi ba. "Baba, ina gajiya?"

Da muka juyo, ya tsayar da mota. Sai ya fashe da dariya har da bugun sitiyari.

"Uwar Garaji, motar nan a ƙasar da ba a gaisuwa aka ƙera ta. Tana son gudu mai tsawo ba yankewa, ni kuwa ban taɓa ba ta ba. Wa ya sani ko ta warke tun tuni?"

Ya kai wa Alhaji labari. Alhaji ya ce, "To ka wuce mutane mana." Shef ya ce, "Kai ka iya?" Alhaji ya duƙar da kai, ya ce Allah ya sauwaƙe.

Ranar Laraba da hantsi Shef ya yanke shawara. Zai fara daga nesa, ya wuce gaban garaji a guje, ya nufi hanyar Gidigir. Ni in tsaya bakin kwalta in zama shaida: in na ji inji ya sauke murya, ta shiga.

Na tsaya. Na hango shi yana tafe, hannu biyu a sitiyari, wuya a sanƙare kamar mai ɗauke da tulu. Daidai nan Iya Falmata maƙwabciyarmu ta dafa kafaɗata. "Ina kwana? Ya yara? Ya ƙafar taki?" Tsohuwa ce, ta girmi uwata. Na juya na amsa. Kafin mu kai ga "sai haƙuri", mota ta wuce.

Da azahar wasu makiyaya suka same ta a gefen hanya, an aje ta tsaf, inji a kashe. Shef na ciki, kansa bisa sitiyari. Ba karo, ba jini. Likita ya ce zuciya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wasu suka ce fuskarsa da murmushi, wasu suka ce haka bakinsa yake tun asali.

Alhaji bai ƙara shiga motar ba, bai kuma bari an ja ta Damagaram ba. A bayan garaji ta ƙare, kaji na ƙwai a kujerar baya. Liman kuwa, da ya zo ta'aziyya, ya ce ai marigayin ya wuce shi da safe bai ce uffan ba, tun nan ya san ba lafiya.

Ku masu sana'ar, kafin ku kwance akwatin bitas, ku dubi mai tuƙin da garin da yake tuƙi. Ni dai har yau ban iya ƙin amsa gaisuwa ba, kuma in mota ta wuce a guje sai na kasa kunne.

Ran nan, da Shef zai shiga motar, ya goge hannunsa da gefen zanena, abin da ya san na tsana, ya ce:

"Uwar Garaji, yau zan wuce ki ban gaishe ki ba. Kada ki riƙe ni a zuci. In na dawo, sai in yi miki biyu."