Tsingaro a Cikin Yumɓu

Sau biyu wuta ta fasa mini aikin yumɓu, saura tuya ɗaya ta rage mini. Shekaru da dama na yi a Yamai gaban ordinata, wato kwamfuta, ina tsara katunan biki da allunan shaguna. Wata rana na duba, na ga a cikin duk abin da na yi babu ko ɗaya da zan ɗaga da hannu biyu in ji nauyinsa. Sai na tattaro na dawo Dogon Dutsi da niyyar gina haruffan ajami da yumɓu, su miƙe tsaye kamu biyu, mutum ya zagaya su. Na tambayi malamina, ya ce muddin ba siffar mai rai ba ce, babu laifi. Yayana Mamman ne bai yarda ba. A ganinsa ɗan gidan malamai ba ya cuɗa laka tare da mata magina. Muka yi alkawari a gaban mahaifiyarmu: idan tuya ta uku ta fashe, zan koma Yamai, ba zan sake tada maganar ba.

A kwanakin nan ne wata tatsuniyar kakata ta riƙa dawo mini, ba tare da na kira ta ba.

Inna Dije muke ce mata. A Matankari take, kuma a ɗakinta na yi yarintata. Bayan kaka, idan an kai hatsi rumbu sanyi ya fara, mukan hura wutar kara a tsakar gida da an idar da sallar magariba. Ita ba ta zama hannu sake. Tana kaɗi, mazari na juyawa a kan 'yar fata, tatsuniya na fita a hankali kamar zaren. Ni take kira mai gidanta, irin wasan kaka da jika, ta ce duk Arewa ba ta ga miji marowaci irina ba, ko goro ɗaya ba na ba ta. Ni kuwa in ce sai ta fara tsirar da haƙoran taunawa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Takan ce ga ta nan ta taho daga nesa, ƙafarta duk ƙaya, wa zai ba ta ruwa? Mu ce mun ba ta, ta zauna mu ji ta.

Ta ce a wani gari an yi wata maginiya da ta gaji da aikinta. Kullum haƙar yumɓu, kullum cuɗawa, ga tukwane da an jima sun fashe a dawo mata da ƙorafi. Ranar nan tana kuka a bakin ramin yumɓu, sai doguwa, aljanar da ke cikin tsamiyar wurin, ta ji tausayinta. Ta ce mata daga yau ta zana tukunya da yatsa a kan rairayi, tukunya za ta tashi. Wadda ba ta yi mata ba, ta shafe da tafin hannu. Tukwanen nan kuwa ba sa fashewa ko an jefo su daga kan dutse. Gari ya cika da su. Mutane suka kwashe tsofaffin tukwanensu da kasake da tsingaro, suka kai can bayan duniya suka zubar, don kada baƙo ya gani ya raina su.

Ana nan sai wani ya sare tsamiyar don ya yi turmi. Doguwa ta yi fushi ta tashi, tukwanenta suka bi ta a jere, manya gaba, ƙanana baya. Nan Inna Dije takan kwaikwayi tafiyar randa, mu faɗi ƙasa don dariya. Matan gari suka koma ramin yumɓu, amma duk abin da suka gina, da ya ji wuta sai ya tarwatse. Ƙishirwa ta kama gari. Daga ƙarshe aka gano wata makauniyar tsohuwa a gefen gari, wadda ba ta zubar da kome ba don ba ta san an yi sabon yayi ba. Tana da fasasshen kasko guda da kajinta ke shan ruwa a ciki. Aka roƙe ta, aka daka shi, kowace maginiya ta sami ɗan abin da yatsa uku suka ɗauka ta zuba a yumɓunta. Tukwane suka tsaya.

Ni dai wannan ƙarshen bai taɓa gamsar da ni ba. Na tambaye ta ko tsohuwar tofi ta yi a kaskon, ko kuwa yawun kaji ne maganin. Ta dube ni ta ce, "Mai gidana, kai komi sai an tauna maka? Ni ɗiyar masaƙa ce. Tahi ka tambayi masu laka." Ban je ba. Da na yi nisa a karatun allo, sai na ajiye zancen cikin kwandon camfe-camfen tsofaffi, na nema mata gafara.

Saboda haka da na fara aikina, na ga matan unguwar magina suna barbaɗa wani jan gari a yumɓu, sai na kau da kai, na ce a raina ga shi nan har yau ba su bari ba. Nawa yumɓun na jiƙa shi, na tace da ƙyalle har ya yi sumul kamar man shanu. Haka na saba a gaban ordinata: duk ɗigon da bai dace ba a goge shi. Harafin wau da na fara ginawa ya rabu uku a wuta. Lamalif ya yi ƙarar da ta sa awaki gudu. Duk sau biyun na kwashe gutsattsarin a buhu tun kafin Mamman ya ji labari, na kai juji bayan gari.

Da ya rage saura tuya ɗaya, kunya ta sake ni. Na je wurin Iya Tani, tsohuwar da nake aron gefen matoyarta, na durƙusa na tambaye ta ko wace addu'a ake yi a jan garin nan. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Ta ce babu abin da take karantawa sai bisimilla. Tsohuwar tukunya ce ake dakawa. Yumɓun da bai taɓa ganin wuta ba, in ji ta, matsoraci ne, yana ƙanƙancewa, ga shi ba ya barin tururi ya fita. Wanda ya riga ya sha wuta shi ke buɗe masa hanyar numfashi, ya riƙe shi. Na roƙe ta ta sam mini nata. Ta ce nata na 'ya'yanta ne.

"Malam, ina naka da sunka hwashe?"

Na ce na zubar.

"To wanda ka zubar ɗin nan shi aka nema."

Washegari da hantsi mutane suka ga tsohon ma'aikacin Yamai yana tonon juji da sanda. Cikin masu wucewa har da Mamman a kan babur. Ya tsaya, ya dube ni, ya wuce. Na sami buhu ɗaya, ɗayan ruwa ya tafi da shi. Na daka da kaina a turmin Iya Tani, jikokinta suna leƙe suna ƙunshe dariya. Sabon yumɓun ya yi kaushi, yana cizon tafin hannu, bai yi mini kyau a ido ba ko kaɗan. Na sake gina lamalif, na bar shi ya sha inuwa mako biyu.

Ranar da aka yaye tokar matoya, Mamman ya zo ba tare da na kira shi ba. Harafin na tsaye, gefe ɗaya baƙi inda hayaƙi ya lashe shi. Iya Tani ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ya amsa da ƙara mai tsawo. Mamman ya sunkuya ya ɗaga shi, ya yi nishi, ya ce ashe abin da nauyi. Sannan ya tambaye ni ko zan iya yin mim, farkon sunansa.

Har yanzu ina mamakin yadda matar da ba ta taɓa gina ko kasko ba ta riƙe ilimin magina a bakinta, ta miƙa mini shi, ni kuma na kira shi camfi don na iya karatu. Ban san nawa ne cikin tatsuniyoyinta suke ɗauke da irin wannan ba, ga shi rabinsu sun ɓace mini. Waɗanda suka rage na fara rubuta su da ajami, ba na gyara kome, har wuraren da ban gane ba. Allah ya jiƙan Inna Dije, ya kai haske kabarinta. Mim ɗin Mamman sau biyu yana fashewa, kuma ko ƙwaya ɗaya ban zubar ba.